Jirgin okaziyo a bakin kogin Isa: yadda ake saye ta hannun dillali

Ni haifaffen Tawa ne. Ruwan da na sani ina yaro shi ne na rijiya, sai tabkin Tabalak inda aka taɓa sa mu cikin kwale-kwale aka zagaya da mu. Garka ce ta haɗa ni da kogi. Na samu fili a hayin ruwa, sama da Yamai ta wajen Bubon, ina noman kabewa da albasa da ɗan mangwaro, na yi shekara biyu ina biyan haya ana ɗauko mini kaya. Duk ranar da mai jirgi ya samu wanda ya fi ni biya, kabewata a gaɓa take kwana. Shi ya sa na yanke shawarar sayen nawa a 2017. Daga lokacin zuwa yau na sayi jirgi biyu, na katako da na fiba, duka okaziyo, wato waɗanda wani ya riga ya yi aiki da su, duka ta hannun dillali. Na kuma tsaya wa wani aminina da ya so a kawo masa jirgin shaƙatawa mai ɗaki daga Faransa. Abin da zan faɗa daga waɗannan ukun na samo shi, na farkon kuwa asara ce ta koya mini.

Jirgi ba shi da filin sayarwa irin na mota, inda za ka je ka ga an jera su. Wanda za a sayar yana can ɗaure a Gamkale ko Saga ko Gudel ko bayan wani tsibiri, babu alama a jikinsa, mai shi ma sau da yawa ba ya son a ji, domin bashi ne ya matsa masa ko rabon gado ya taso. Dillali ne ya san wannan. Ya san wanda ya gaji da jirginsa, ya san wanda injinsa ya fi jirginsa kyau, ya san Alhajin da ya sayo na fiba don yara suka hau sau uku aka jingine shi. In ba tare da shi ba sai ka yi wata kana yawo a gaɓa ba ka ji komai ba, balle kai baƙon ruwa. Saboda haka ba na cikin masu zagin dillalai. Abu ɗaya nake so ka riƙe game da shi: la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, kuma a al'ada daga hannun mai kaya take fitowa. Mutumin kirki ne ko ba na kirki ba, abincinsa yana cikin ka ce "na saya". Aikinsa ya kai ka wurin jirgi, ya haɗa ka da mai shi, ya sasanta farashi. Duba lafiyar jirgi ba aikinsa ba ne, kada ka ɗora masa.

Tun zaman farko ka tambaye shi a fili wa zai biya la'ada kuma nawa ce. Ka gaya masa ba za ka miƙa kuɗi ba sai a gaban mai jirgin, kana jin farashin daga bakinsa. Dillalin da ya ce mai kaya ya yi tafiya, ko ba ya son ganin mutane, ko "ka ba ni kawai in kai masa", yawanci ya ɗora nasa a sama ne, zai ci ta nan ya ci ta can. Ni nakan yi wa dillali alkawarin tukuici nawa na kaina, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, muddin ya nuna mini jirgi uku. Sefa jikka goma da za ka ba shi a haka tana rage masa zafin tura ka kan na farko.

Kafin ma ka neme shi, ka zauna ka san kogin da za ka sa jirgin a ciki, domin kogin Isa, wato Kwara, a Yamai ba ɗaya ba ne duk shekara. Yana cika sau biyu. Akwai jan ruwan damina na Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwal suke zubowa, cike da laka da yashi. Akwai kuma ruwan Gini, wanda yake daɗewa a hanya ta cikin Mali, ya iso mana da sanyi, ya kai ƙarshen cikarsa wajen Janairu. A wannan lokacin kowane jirgi kyakkyawa ne, ko'ina ka bi akwai zurfi. Daga Afrilu zuwa Yuni kuwa sai tudun yashi da duwatsu su fito, wurin da ka wuce a guje da sanyi ka ga shanu suna tsallakawa da ƙafa. Manya suna tuna 1985 da ruwan ya tsaya cak a Yamai. Yashi kuma kullum ƙara cike kogin yake. Don haka tambayar farko ga kowane jirgi ita ce nawa yake nutsewa cikin ruwa idan an yi masa lodi. Ka saya don kogin watan Mayu. Wanda cikinsa yake shimfiɗe, injinsa na ratayawa a baya, ana iya ɗaga ƙafarsa in an zo wuri mara zurfi, shi ne zai yi maka aiki wata goma sha biyu.

Jirgina na farko da sanyi na gan shi, da la'asar, an wanke shi an shafe shi da sabuwar kwalta, yana sheƙi. Mita 12 ne, da injin Yamaha mai doki 40. Dillalin ya ce, "Alhaji, wannan ko gobe ka ɗora buhu hamsin." Aka ja igiya sau ɗaya inji ya tashi, muka gangara daga wajen gadar Kennedy muka bi ruwa, mu huɗu babu kaya, muka juyo. Na biya miliyan 2 da jikka 300. Bayan sati uku allon baya, inda ake ɗaure inji, ya fara motsi, muka tarar cikinsa ya ruɓe kamar soso. Injin kuma da makaniki ya zo kwance shi, ƙusoshinsa suka riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya, don a ruwan gishiri ya yi rayuwarsa kafin a kawo shi. Gyara ya ci mini jikka 600 da kakar kabewa guda. Duk abin nan da na sha, kwana biyu na dubawa sun isa su nuna mini shi.

Da na tashi sayen na biyu sai na nemi wani dattijo Basarke da ke gyaran jirage kusa da garkata. Na ce, "Baba, ina so ka raka ni ka duba mini." Ya ce, "Ɗana, in dai a cikin ruwa za a nuna mana shi, ba ni zuwa. A fito da shi tudu." Wannan shi ne sharaɗin da ba na sassautawa yanzu. Mu a nan da igiya da ƙarfin samari muke fitar da jirgi, ko da tirela in na fiba ne, kuma kuɗin fitarwar kai mai saye za ka biya. Ka biya da daɗin rai. Mai jirgin da ya ƙi a fito da shi ya riga ya ba ka amsa.

In na katako ne, ka fara da zuwa da asuba ba tare da ka sanar ba, kafin yaron jirgi ya kwalfe ruwan da ya kwana. Kowane jirgin katako yana ɗan yoyo, wannan ba aibi ba ne, amma akwai bambanci tsakanin ruwan da kwano biyar zai kwashe da wanda ya kai idon sawu. Ka koma da yamma a kwalfe shi tas a gabanka, ka dawo washegari ka gani. Idan an fito da shi, ka ɗauki basilla ka bi mahaɗar alluna, ka ɗaga dandamalin da ake takawa ka soka ƙarƙashinsa, ka soka kusurwoyin baya. Maɗaci mai lafiya ba ya karɓar basilla. Inda ta shige kamar cikin sabulu, nan ya mutu, kuma ruɓa ba ta tsayawa inda ka gan ta. Ka duba kawunan ƙusoshi: jan zane na tsatsa da ke gangarowa daga ƙusa yana nufin ta cinye daga ciki. Ka ƙirga facin gwangwani da aka buga. Sabuwar kwalta ko sabon fenti a jikin jirgin sayarwa su sa ka ƙara dubawa, musamman in wuri ɗaya aka fi lafta su. Ka roƙi izini a kankare tafin hannu guda.

Na fiba yaudararsa daban ce, domin ba ya nuna tsufa a ido. Mutane suna cewa roba ce ba ta ruɓewa, alhali a jirage da yawa akwai katako a cikin allon baya da ƙarƙashin daɓe, an lulluɓe shi da fiba. Ruwa yakan shiga ta ramin ƙusa ya zauna shekaru yana cin katakon, waje kuma sumul. Ga yadda Baba ya gwada nawa, dogon nan siriri mai mita 7 da na saya a 2021. Ya sa aka ɗaga ƙafar injin sama, ya ɗora nauyinsa a kanta yana dannawa, ni kuma ya ce in zuba ido a allon baya. In allon ya lanƙwasa, ko tsaga ta buɗe a kusurwa, ko ruwa mai launin shayi ya tsatso daga ramin ƙusa, a bar jirgin. Sannan ya bi jikin duka da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa a hankali. Wuri mai lafiya ƙararsa a tsaye take, wurin da ya rabu ko ya sha ruwa sai ka ji ta dushe kamar an buga kabewar da ta lalace. Ya taka kowane taku na daɓen da dunduniya yana neman inda yake lotsawa. A ƙasan jirgin ya nemi ƙuraje, irin kumburin da fiba take yi in ta daɗe cikin ruwa. In ka fasa ɗaya za ka ji wari mai tsami. Ƴan kaɗan ƙanana ana gyarawa, su zama dalilin rage kuɗi. In sun cika cikin jirgin, aikin ya fi ƙarfin abin da za ka so ka shiga. Ka duba doron ƙasan jirgin kuma, inda yake gogar yashi kullum in an tsaya, ko ya cinye har zaren fiba ya fito. Jirgin da ya yi nauyin da ya wuce girmansa, samari takwas suna nishi a kan abin da shida za su ɗaga, soson da aka cusa cikin jikinsa tun wajen ƙira ne ya sha ruwa.

Inji shi ne rabin kuɗin, wani lokaci fiye, kuma nan ne ya kamata ka zo da makanikinka, wanda kai ka biya shi, wanda ba abokin dillali ba ne, ba kuma shi ke gyara wa mai jirgin ba. Mai gyaran babur ko janareto bai isa ba, ka nemi wanda injin ruwa ne sana'arsa. Ka ce kada a tayar da injin kafin ku iso, in kun iso ka cire murfi ka ɗora hannu a kansa. In da ɗumi, an riga an tayar da shi don ya yi saurin kamawa a gabanka. Injin da ya kwana a sanyi ya tashi a ja biyu ko uku, shi ne ya faɗi gaskiya. Kada ka yarda a tayar maka da shi a tudu ba ruwa, ko na ɗan lokaci ne, domin robar famfon da ke sanyaya shi takan ƙone cikin daƙiƙoƙi. Yana tashi ka dubi ɗan ruwan da yake fitarwa ta baya, wanda masu jirgi suke kira fitsari. Ya fito da ƙarfi, a miƙe. In yana ɗiga ko yana yankewa, ko robar ta cinye, abin da jan ruwanmu mai yashi yake saurin yi, ko hanyoyin ruwan sun toshe, kuma injin da ya saba zafi ya riga ya ji ciwo a ciki.

Makaniki ya cire buji ya duba, ya sa agogon awon matsi a kowace silinda. Abin da ake nema shi ne su yi kusa da juna; in tazarar ta wuce kashi 10 cikin 100, akwai magana. Sai ya kwance ƙusar man giya da ke can ƙasan ƙafa ya ɗan tsiyayo. Mai lafiya launin zuma ne ko ya ɗan yi duhu. In ya fito fari kamar nono, ruwa yana shiga, in kuma da ɓarɓashin ƙarfe, haƙoran giya suna cin juna. A cire farfela a duba bayanta, nan zaren taru yake naɗewa ya yanke robar da ke tare ruwa. A juya sandar farfelar a ga ko ta karkace saboda dukan dutse. Injin da ya fito daga bakin teku, Kwatano ko Lome ko Legas, yana da alamarsa: farin gari kamar toka a mahaɗai, fenti yana kumbura, ƙusoshi sun kafe. Ka ce a gwada kwance biyu ko uku a gabanka. Ka kuma auna tsawon ƙafar da tsayin allon baya. Gajera inci 15 ce, doguwa inci 20, kuma faffaɗan farantin da ke saman farfela ya kamata ya zo daidai da ƙasan jirgi. Doguwar ƙafa a gajeren allo za ta riƙa noman yashi duk rani.

Ni na fi son injin da ake haɗa masa mai da esansi, irin Yamaha Enduro ɗin nan, ba don ya fi kowane kyau ba, sai don kayan gyaransa suna samuwa kuma makanikan bakin kogi sun san cikinsa. Shan mansa ne ciwo. Mai doki 40 in ka buɗe masa wuta duka yana shan kusan lita 20 a awa, ban da lita 1 ta man haɗi a kowace lita 50. Ka yi wannan lissafin da farashin esansi na yau kafin ka ƙyasa babban inji. Na zamani marasa haɗi sun fi tsimi da shiru, wasunsu ma ana sa musu kwamfuta ta faɗi awa nawa suka yi aiki, amma ka tabbata akwai mai wannan kwamfutar a kusa da kai.

Gwajin ruwa kuma kada ya zama yawon shan iska irin wanda aka yi da ni. Kai za ka sayi man, don haka kai za ka faɗi hanya. Ka ɗora nauyin da za ka riƙa ɗauka da gaske, buhunan yashi ne ko mutane, ku haura ruwa, kuna fuskantar igiyarsa. A buɗe wuta duka na aƙalla minti goma, domin injin da ke da matsalar zafi ko ta mai ba ya nunawa a minti biyu. A sa giyar gaba, a sa ta baya, sau da yawa, ka saurara ko tana zamewa. A kashe shi da zafinsa a tsakiyar ruwa, a jira kaɗan, a sake tayarwa. Ka karɓi tuƙin da hannunka ka ji ko yana ja gefe ɗaya. Kuna dawowa ka ɗaga dandamali ka ga ruwan da ya shiga.

Sai maganar wane ne mai jirgin. Wannan ta fi ruɓar katako haɗari, domin ita har gaban hukuma take kai mutum. Jirgi yakan zama na ƴan'uwa uku ɗaya ya fito sayarwa, ko na marayu da ba a raba ba, ko an jinginar da shi. Inji kuma abin sata ne mai sauƙi. A jikin maƙalar da ke riƙe shi da jirgi akwai ɗan faranti mai lambarsa. In an cire shi, ko an kankare, ko an shafe da fenti, ka tashi ka tafi ko nawa aka rage maka. Ka nemi rasiɗin saye na asali da takardar duwan, lambar ta yi daidai. Ka je mashigin da jirgin yake kwana ka gai da sarkin ruwa ko shugaban masu jirage, ka ce kana son sayen jirgin wane. In da magana, a nan za ka ji ta. Ka kuma je ma'aikatar sufuri da wurin jandarmomin da ke sintiri a kogi ka tambayi takardun da suke nema ga irin jirginka, tun kuɗinka yana aljihu. Halin tsaro a jihar Tilaberi ya sa ba ko'ina ake bi ba kuma ba kowane lokaci ba, su za su gaya maka iyakarka.

Wajen biya, addininmu ya riga ya ba mu hanya. Malaman fiƙihu sun halatta a yi ciniki da sharaɗin zaɓi na ƴan kwanaki don a gwada kaya, sun kuma ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. A mazhabarmu ta Malikiyya kuɗin da ake bayarwa a ce in ka fasa sun zama na mai kaya, ba a yarda da su ba. Saboda haka in ka ba da kafin alƙalami, a rubuta cewa na riƙe jirgi ne zuwa kwana kaza, in dubawa ta nuna aibi a maido maka. A hannun wani dattijo da ku biyu kuka yarda da shi za a ajiye, kada a hannun dillali. Duk abin da kuka gano ku rubuta da kuɗin gyaransa, da wannan takardar za ka yi tayi. Mai jirgi zai ce albarka sau biyu, a na uku yakan sallama, don ya san ka ga abin da ya sani. Takardar ciniki ta ɗauki tsawon jirgi, lambar inji, da kowane abin da ke biye: tankin mai, tiyo, anga, filafili, farfelar ajiya, tirela. Shaidu biyu su sa hannu, a kai meri, wato ofishin magajin gari, a buga hatimi.

Aminina Alhaji nasa daban ne. A 2022 ya ga hoton wani jirgi a intanet, a kudancin Faransa, mita 9, da ɗakin kwana da bayi da injin gazuwal biyu a ciki, yuro 15,000. Da yake yuro 1 sefa 656 ne in an cike, kusan miliyan 10 ke nan, ya ga araha. Ni ke karanta masa takardun. Dillalan can kamfanoni ne masu ofis da rajista, la'adarsu tana kaiwa kashi 8 zuwa 10 cikin 100, kuma su ma mai sayarwa ne yake biyansu, don haka maganar da na yi a kan dillalinmu na bakin kogi ta hau kansu. Tsarinsu shi ne ka sa hannu a yarjejeniya, ka ajiye kashi 10 cikin 100, sannan a fito da jirgi a duba a kuma gwada shi a teku. Akwai masu sana'ar duba jirage, su rubuta maka rahoto da hotuna. Kai za ka zaɓi naka ka biya shi, kada ka karɓi wanda dillali ya miƙo maka. Ka tabbata an rubuta cewa ciniki ya rataya a kan sakamakon dubawar, kuma ajiyarka tana asusun da aka keɓe don kuɗin masu saye. Ka lura da kalmar da aka sa wa ajiyar. In an rubuta arrhes, kana iya fasawa amma kuɗin sun tafi, in mai jirgi ne ya fasa ya biya ka ninki biyu. In an rubuta acompte, ka ɗaure kanka da sayen. Ka nemi takardar rajistar jirgin da sunan mai sayarwa, da shaidar cewa babu jinginar banki a kansa, da takardar cire shi daga rajistar ƙasarsu. Jiragen shaƙatawa da aka sayar a Turai tun daga 1998 suna da lamba mai harafi da adadi 14 a allon baya ta hannun dama, biyun ƙarshe suna nuna shekarar samfurin, da kuma faranti mai alamar CE da ke faɗin mutum nawa da nauyi nawa jirgin yake ɗauka. Ka sa a nuna maka su ta kiran bidiyo, mutum yana tsaye a kan jirgin. Wanda ya ƙi wannan, yana kuma gaggauta ka aika kuɗi da sunan wani mutum ta kamfanin aike, cinikin biri a sama yake so ka yi.

Wancan jirgin dillalinsa na gaskiya ne, takardunsa ma lafiya. Awo ne ya kashe maganar. Faɗinsa mita 3, ƙofar kwantena kuwa mita 2.34 ce, don haka sai dai a ɗauko shi a buɗe da kuɗi na musamman, a sauke a tashar teku, a nemo babbar mota ta yi fiye da kilomita 1,000 da shi, ga duwan, ga mai fitar da kaya. Yana nutsewa kusan mita guda, farfelunsa a kafe suke a ƙarƙashi ba a ɗaga su, ga kayan gyaran injinsa sai an yi oda. Na ce masa, "Alhaji, wannan wata huɗu zai yi maka aiki, wata takwas yana zaune a kan yashi." Ya ji ciwo, amma ya haƙura ya sayi mai mita 5 da rabi, faɗin mita 2.20, injin ratayawa, da rumfa, ya shiga kwantena tare da tirelarsa. Daga baya lissafin hanyar ma ya canja: da aka rufe gadar Gaya da Malanbil ta iyakar Nijar da Benin bayan Yulin 2023, kaya suka koma bin Lome da Burkina, hanya ta ƙara tsawo da tsada da jira. Ka samu farashin mai fitar da kaya a rubuce kafin ka sa hannu a komai.

Ranar da jirgi ya zama naka, kada ka ɗauki iyali tukuna. Ko me aka ce maka, a canja robar famfon ruwa da man giya da buji, a wanke tanki da kafireto, ka san daga yau ka fara ƙirga. Ka sayi rigar ruwa adadin mutanen da za ka ɗauka, har da ƙananan na yara, a sa su tun a gaɓa. Yawancinmu da muka zo daga tudu ba mu iya iyo ba, kuma kogin nan yana cin mutane kowace shekara, akasari saboda lodi ya wuce kima ko tafiyar dare. Filafili biyu, sandar tuƙi, anga da igiya mai tsawo, bokitin kwalfa, farfelar ajiya da makullinta, kada ɗaya ya bar cikin jirgi. Ni na ɗauki Baba wata guda ina biyansa, a watan Mayu da ruwa ya ja baya, muna hawa muna sauka tsakanin garkata da Yamai. Ya nuna mini duwatsun da suke ɓuya da sanyi, da inda masunta suke shimfiɗa taru, da gefen da dorina take zama da ɗanta don in ba ta nisa. Ya koya mini in na shiga cikin kainuwa in rage wuta, in na fito in waiwaya in dubi fitsarin inji, in ya yanke in kashe nan take, in ɗaga ƙafar, in cire ganyen da ya toshe ramukan shan ruwa kafin in ci gaba.